Jihar Da Ta Zo Kazaure

Roni,
28 ga Maris.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Inna, ina durƙusawa ina gaishe ki. Yaya ibada, yaya zafin nan, yaya kuma ƙafar taki? Ina fatan kumburin ya sauka. Ina gaida ƙanwata Zubaida, wadda na san ita za ta karanta miki wannan takarda. Zubaida, don Allah ki matsa kusa da kunnenta na dama, kada ki tsallake layi ko ɗaya, har wanda kika ga zai ɓata mata rai. Da waya tana yi mana amfani da ban wahalar da ke ba, amma kin san yadda muke ƙarewa, ni ina ɗaga murya, Inna tana tambayar wa ke magana.

Mu nan lafiya, sai kewa. Yau kwana tamanin da ɗaya da rasuwar Malam. Ina nan a kan duk abin da kika ɗora ni kafin ki koma Babura. Ban taka ƙofar gida ba, ban shafa turare ba, ban duba madubi ba, 'yar wuƙar takaba da kika ba ni kuma tana ɗaure a haɓar zanena.

Inna, akwai maganar da na ɓoye miki a zaman makoki saboda hawan jininki. Kin san babbar mota ce ta buge shi a kan babur, a bayan garin Kazaure, yana dawowa daga kai fasinja. Abin da ba ki sani ba shi ne, motar ta gwamnatin wata jiha ce mai nisa, an turo ta kasuwarku ta Babura sayen shanu. An hana ni rubuta sunan jihar a takarda sai an gama magana. Mutanen motar sun rubuta bayani cewa wai Malam ƙwaya ya sha, yana ta tangaɗi a tsakiyar titi. Maganar ta riga gawarsa isowa Roni. Da yake ɗan acaɓa ne, ba wanda ya tsaya tambaya.

Shekara goma sha ɗaya na zauna da shi. Ko goro ba ya ci. In ciwon haƙori ya kama shi sai na yi ta lallashi kafin ya haɗiyi maganin asibiti. Amma makon jiya Zara ta dawo daga Islamiyya ta shige ƙarƙashin gado, da ƙyar na fito da ita. Wai yara ne suka ce mata 'yar mai ƙwaya. Yarinya 'yar shekara tara, Inna. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ƙarya ne, ta ce to me ya sa aka rubuta.

Ɗayyabu, ƙanin Malam, ya ce in bar wa Allah, gwamnati ba a ƙararta, balle gwamnatin wasu. Na riga na haƙura. Sai shekaranjiya wata baƙuwa ta yi sallama, 'yar siririya da ita, da jaka a rataye. Sunanta Barista Sadiyya, lauya ce a Kazaure. Ashe tsohuwar da Malam ya kai asibiti ranar mahaifiyarta ce. Duk wata shi yake kai ta, don ta ce duk Roni shi kaɗai ne ba ya jijjiga mata ƙugu. Tsohuwar ce ta ce ba za ta yafe wa 'yarta karatun da ta yi ba in ta bar wannan ƙaryar ta zauna.

Barista ta ce ana iya kiran gwamnatin nan kotu, a nan Kazaure, a sa direban ya zo ya tsaya, ya rantse, ya maimaita abin da aka rubuta a gaban waɗanda suka san Malam. Wallahi Inna sai da na yi dariya, karo na farko tun ranar. Na ce ni Zulaikha, da na tsaya a aji shida, in kira jiha guda? Ta ce ƙwarai, dokar ba ta tambayi ajin mutum ba.

To ga inda gizo yake. Ta ce ƙarar da ta shafi ma'aikatan gwamnati wata uku doka ta yanka mata, in ya wuce za su ce ƙofa ta rufe. Saura kwana tara. Kuma dole ni da kaina in je kotu in rantse a kan bayanina. Takaba kuwa saura kusan kwana hamsin. Wanda ya rubuta dokar nan bai san mace tana zaman wata huɗu da kwana goma ba.

Matan gida sun ce ko kusa. Na aiki Ɗayyabu wurin liman, ya dawo da amsa cewa in larura ce mai takaba tana fita da rana, muddin ta kwana a ɗakinta. Amma ni amsarki nake jira. Ba abin hannunsu nake nema ba, Allah ya sani. So nake in Zara ta sake tambayata, in sami abin da zan nuna mata.

Ki ba Zaharadeen direba amsa, yana zuwa Kazaure ranar Asabar. Ki sa ni a addu'ar shan ruwa.

'Yarki mai neman albarkarki,
Zulaikha.


Roni,
5 ga Afrilu.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Zubaida da dukan mutanen gida. Yaya azumi?

Saƙonki ya iso ni. Zaharadeen ya ce kalma biyu kika faɗa, "Ta zauna," kika juya masa baya. Inna, ban zauna ba. Jiya na je. Gara ki ji daga bakina kafin ki ji a kasuwa.

Na san ke kin yi wa Baba taki takabar ba ki leƙa ko zaure ba, har gobara ta tashi a maƙwabta ba ki motsa ba. Na yi ta tuna wannan a mota. Amma Baba ya tafi da sunansa a wanke.

Da hantsi muka fita, ni da Ɗayyabu. Hasken waje sai da ya sa ni hawaye, wata uku ban ga abin da ya fi katangar gidanmu nisa ba. Da muka zo wurin da abin ya faru Ɗayyabu ya yi ta jan ni da hira don kada in gane. Na gane. Akwai mai shayi da mai faci a gefen titin, na ga sun bi motarmu da kallo.

A ƙofar kotu akwai 'yar sanda mai binciken mata. Tana shafa ni ta ji ƙarfe a ƙuguna. Ta zaro wuƙar, ta ɗaga ta sama, ta yi magana da ƙarfi da Turanci, mutane suka juyo. Ni kuwa kin san mai takaba ba ta ɗaga murya. Sai wani tsohon masinja da ke zaune a benci ya ce mata, "Ke yarinya, sauke hannunki, mai takaba ce." Mazan da suka cika ƙofar suka dare gida biyu, kowa ya sunkuyar da kai, har wani mai ankwa a hannu ya ce mini Allah ya jiƙan rai. 'Yar sandar ba 'yar nan ba ce, ba ta san al'adar ba. Da aka yi mata bayani ta ajiye wuƙar a aljihun tebur, da zan fita kuma da hannu biyu ta miƙo mini.

Barista ta shigar da ni wani ofis cike da takardu har rufi, an ɗaure su da zare kamar damin dawa. Na ce mata duk wannan na mutane ne? Ta ce kowane ƙunshi wani ne da aka ɓata wa. Ban taɓa sanin akwai ɗakin da ake ajiye ɓacin ran mutane haka ba, a yi masa lamba, a hana gara ta ci.

Ta nuna mini tawa takardar. A can sama an buga sunana da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashinsa an buga sunan gwamnatin jihar nan, sai babban lauyanta, sai direban. Na ce ba a yi kuskure ba, ni ce a sama? Ta ce mai ƙara ne a sama ko da wa yake ƙara. Na daɗe ina kallon takardar.

Abu ɗaya ya yi mini nauyi. Mai rantsarwar ya ce in faɗi sunan marigayin da bakina. Na ce Malam. Ya ce Malam wa? Na kalli Ɗayyabu ko zai taimake ni, aka ce a'a, ni za a ji. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunan nan ba, ko a bayan idonsa. Na rufe ido na ce Halliru. Sai na ji kamar zai amsa daga bayan ƙofa. Ɗayyabu ya tashi ya fita waje.

Aka kawo abin dangwale, na ce ina iya sa hannu. Na rubuta sunana a hankali, bai karkace ba.

Kafin la'asar na dawo ɗakina. Goggo Tasalla, ƙanwar mahaifin Malam, ta ce miji yana kabari mata tana yawon birni, tun jiya ba ta amsa gaisuwata. Nata zan iya ɗauka. Naki ne ba zan iya ba. In na yi laifi ki yafe mini.

'Yarki,
Zulaikha.


Roni,
19 ga Oktoba.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya kaka? Zubaida ta ce kin fara taka ƙafar har bakin rijiya, na yi hamdala. Mu ma an cire gyaɗar gonar Malam, Ɗayyabu ya tsaya a kai tsakani da Allah. Ta yi kyau, har na ji haushin kyan da ta yi ba ya nan.

Ranar fitar takaba na yi ta kallon ƙofa ko za ki shigo. Na san ƙafa ce. Wannan ce takarda ta huɗu da ban sami amsarta ba, amma zan ci gaba da rubutowa, don ba ni da wanda zan faɗa wa in ba ke ba.

Inna, jihar nan ta amsa kira. Shekaranjiya aka zauna. Lauyoyi uku ta turo, a wata baƙar mota mai duhun gilashi. An ce jirgi ya sauke su a Kano. Babbansu dogo ne mai furfura, da baƙar riga har ƙasa da farar hula mai kama da gashin rago. Yaransa biyu suka yi ta jido littattafai, sai da suka cika tebur. Na ce a raina, duk wannan saboda ni? Ni da na bar wanke-wanke a tsakar gida?

Amma ba maganar Malam suka zo yi ba. Ko sunansa ba su ambata ba. Da Turanci ake yi, wani tafinta yana gefena yana raɗa mini. Dogon ya ce wai kowace jiha gida ce mai zaman kanta, da gwamnanta da majalisarta da kotunanta. Jigawa ba ta fi tasu ba, tasu ba ta fi Jigawa ba, sa'o'in juna ne, kuma sa'a ba ya zaunar da sa'ansa ya yi masa shari'a. Wai jiharsu tana da kariya a nan. In ina da kuka in tafi can garinsu in kai wa alƙalinsu.

Yadda yake maganarta sai ka ce mace ce mai rai. Ta ce, ba ta yarda ba, mutuncinta ba zai bari ba. Har na waiga ƙofa ko zan ga ta shigo. Ban taɓa tunanin ƙasa da garuruwa da koguna za su haɗu su zama mutum ɗaya mai jin kunyar a kira shi gidan wani ba.

Na tambayi tafinta nisan garin. Ya ce kwana biyu a mota. Mai shayi da mai facin da suka ga komai sun yarda su ba da shaida a Kazaure, don rumfarsu tana kusa. Wa zai rufe rumfa ya bi ni tafiyar kwana biyu? Ko na je ni kaɗai na ci nasara, wa zai ji a Roni? A nan aka ɓata shi.

Sai Barista Sadiyya ta miƙe. Ko kafaɗar dogon ba ta kai ba. Littafi ɗaya ta riƙe, bai fi na karatun Zara kauri ba sosai, ta ce shi ne tsarin mulkin ƙasa. Ta ce jihohin nan ba ƙasashe ba ne, ɗakuna ne a gida ɗaya. Ta ce kariyar da ke cikin littafin ta jikin gwamna ce yana kan kujera, ba ta motar shanu ba ce. Ta ce motar da ƙafarta ta shigo, ba wanda ya jawo ta, kuma a kan titin Jigawa jinin ya zuba. Muryarta ba ta yi rawa ba. Na tuna ranar da ta zauna a tabarmata tana shan iska da murfin kwano.

Alƙalin dattijo ne, yana ta rubutu kamar ba ya ji. Can sai ya cire tabarau ya ce wa dogon yana da tambaya ɗaya. Ya ce da a ce a ranar ɓarayi ne suka tare motar a bayan Kazaure suka kwashe shanun, aka kama su, wace kotu jiharsa za ta zo neman shanunta? Inna, sai dogon ya ɗauki gorar ruwa ya sha. Wani a baya ya yi dariya, ɗan sanda ya tsawatar. Daga baya ya ba da amsa mai tsawo, tafinta ya ce shi ma bai gane ta ba.

An ɗaga sai Disamba alƙali ya faɗi ko yana da ikon jin maganar. Barista ta ce kada in sa rai da yawa, ta ga an yi tambaya mai daɗi an yanke hukunci mai ɗaci.

A waje dogon ya tako har inda nake, ya cire hular, ya yi mini ta'aziyya da gurguwar Hausa. Ba mugu ba ne. Aike ne aka yi masa, kamar yadda aka aiko motar.

Ki yi mini addu'a ko ba za ki amsa ba. Zara tana gaishe ki, ta shiga izu na uku.

'Yarki,
Zulaikha.


Roni,
7 ga Disamba.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Zubaida. Yaya sanyi? Ki riƙa sa safa saboda ƙafar.

Zaharadeen ya kawo ƙullin. Ya ce ba ki ba shi saƙon baki ba. Ina kwancewa na ji ƙamshin turaren wutarki, irin haɗin mutanen Barno da kika koya wurin kaka. Na zauna a ƙasa na yi kuka har Zara ta tsorata. Na gane, Inna. Na gode. Na gode.

Ga labari. Jiya alƙali ya karanta hukuncinsa, ya fi rabin awa yana karatu. Ban jira tafinta ba, fuskar Barista na kalla, na ga tana danne murmushi da bayan biro. Ya ce yana da iko. Ya ce wanda ya shigo da motarsa ƙasar mutane ya shigo ƙarƙashin alƙalin wurin, ko mutum ne ko gwamnati. A Kazaure za a yi, kuma su zo da direban.

Dogon ya miƙe ya rusuna ya ce yadda kotu ta so. Jiha guda, Inna, da garuruwanta da kogunanta, ta rusuna wa wani dattijo mai tari a wani ɗaki da fankarsa ɗaya ba ta aiki. Ba bindiga a hannunsa, biro ne kawai. Har yanzu in na tuna sai in ce Allahu akbar.

Barista ta ce suna iya ɗaukaka ƙara su ja mu shekaru. Mu dai yi ta addu'a.

'Yarki mai godiya,
Zulaikha.


Roni,
14 ga Yuni.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Inna, barka da Juma'a, barka da ruwa. Ina fatan kuna lafiya, an kuma yi shuka. Mu nan an yi, gero har ya fito. Zubaida, wannan tana da tsawo, ki sha ruwa kafin ki fara.

Ba su ɗaukaka ƙarar ba. Jiya suka kawo direban.

Bas biyu aka cika daga Roni. 'Yan acaɓa kuwa sun fi talatin, suka jera baburansu a bakin kotu. Har Goggo Tasalla ta je, ta ce ba don ni ba, don ɗan wanta. Liman ya zauna a layin gaba. Mai shayi da mai faci suka fara ba da shaida, suka ce Malam yana can gefen hannunsa, yana tafiya a hankali kamar kullum.

Sai aka kira direban. Shekara ɗaya da rabi ina zana fuskarsa a raina, ƙato nake gani mai jajayen ido. Sai ga wani tsoho ya taso, ramamme, rigarsa ta yi masa yawa. Sunansa Shafi'i. Da aka miƙo masa Alƙur'ani sai ya janye hannu, ya ce ba shi da alwala. Alƙali ya ce a raka shi famfo. Kotu guda ta zauna tana jiran tsohon nan, har ana jin ƙarar ruwan daga waje.

Ya dawo ya rantse. Lauyansu ya miƙa masa takardar nan, ya ce wannan bayaninka ne? Ya juya ta, ya sake juya ta, ya ce da Hausarsa ta baƙi, "Yatsana ne, amma ba maganata ba ce." Ya ce shi bai iya boko ba. Jami'in da aka haɗa shi da shi ne ya rubuta, ya ce ya dangwala in yana son aikinsa. Ya ce kwana biyu yana tuƙi ba a bar shi ya huta ba, barci ne ya sace shi, ƙara ce ta farkar da shi. Lauyan ya yi ta ƙoƙarin tsayar da shi, alƙali ya ce a bar shi ya gama.

Ya ce shi ya fara isa wurin Malam, ya ɗora kansa a cinyarsa. Barista ta tambaye shi ko ya ga alamar maye. Ya ce, "Mutumin da ya yi kalmar shahada tiryan-tiryan, ya kuma ce mini sannu Baba? Ni na buge shi, shi yake yi mini sannu."

Ban san lokacin da Goggo Tasalla ta kama hannuna ba. A baya ina jin manyan maza suna jan hanci. Alƙalin ma ya daɗe bai ɗago ba. An sa sha huɗu ga Oktoba don yanke hukunci.

Da aka fito, baƙar motar ta kwashi lauyoyi ta tafi, ta bar tsohon a tsaye da ledarsa. Jihar da ta yi watanni tana faɗan mutuncinta ba ta tsaya wa mutuminta ba. Ɗayyabu ne ya gan shi zaune a tasha da la'asar. Shi da ya sha rantsuwa cewa in ya ga direban sai an raba su, shi ne ya goyo shi a babur har Roni. Na tambaye shi dalili, ya ce shi ma bai sani ba, ya dai kasa wucewa.

A zauren liman ya sauka. Ni na tuƙa tuwon da aka kai masa. Har man shanu na sa. Kwanon ya dawo da saura kaɗan.

Yau da safe ya roƙa a nuna masa kabarin, aka kai shi. Bayan an idar da Juma'a kuma ya miƙe a masallaci, ya maimaita duk abin da ya faɗa a kotu, don waɗanda ba su je ba su ji. Zara tana wajen mata, da kunnenta ta ji. Tana dawowa ta ɗauki allonta ta tafi makaranta tun lokaci bai yi ba.

Ɗazu ya zo ƙofar gida da liman. Na tsaya a bayan labulen zaure. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ne." Can na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, ko Malam ya sha wahala. Ya ce bai kai a sha kofin shayi ba, kuma fuskarsa tana kallon gabas. Sai ya durƙusa, tsoho sa'an Baba, ya ce in yafe masa.

Na so in jira in ji daga gare ki, amma gobe da sassafe zai tafi, kuma ba na jin zai tarar da aikinsa. Don haka na ba shi amsa da kaina, ina fatan ban yi kuskure ba. Na ce barcin na yafe masa, duniya da lahira, ba wanda ya fi ƙarfin barci. Takardar kuwa ba tasa ba ce, ba shi zai nemi yafiyarta ba. Mai ita, jihar nan, za ta dawo Kazaure ranar sha huɗu ga Oktoba ta tsaya a gaban alƙali. Ni ma zan je.

In ƙafar ta yarda, ki zo mu je tare. Zan sa Barista ta nema miki wuri kusa da tafinta, ta ɓangaren kunnenki na dama.

Ki gaida Zubaida da mutanen gida. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar mana ke.

'Yarki har kullum,
Zulaikha.